Gishirin Godabai

Ke kin taɓa ganin mutumin da ya ci amanar gwaggonsa a kan gishiri? To ni na gani, kuma yana nan da ransa, zaune a shagonsa na bakin tasha da wannan tumbin nasa. Bhiku nake nufi. Ajiye wayar nan ki ji.

Godabai ƙanwar ubansa ce, katanga ɗaya ta raba gidana da nata. Mijinta ya mutu ya bar mata ɗa guda, Namdev, shi ma zazzaɓi ya kusa tafiya da shi yana ƙarami. Ta je haikali gaban Vitthal, abin bautarmu, ta yi alkawari, in yaron nan ya tashi, azumin Ekadashi, mai zuwa sau biyu a wata, ba zai wuce ta ba har ta mutu. Ya tashi kuwa. Ya girma ya zama direban babbar mota, kullum yana hanya, ita kuma a ranta azumin nan ne ke dawo mata da shi gida.

Ranar azumi abu ɗaya take ci. Tun jajibiri za ta dafa madarar ɓauna, ta bari ta huce har yatsa ya iya zama a ciki, ta ɗiga tsohon kindirmo, ta rufe tukunyar ƙasa. Da safe ya kama. Sai ta goga kokwamba ta matse ruwan, ta soya gyaɗa ta daka sama-sama, ɗanyen barkono kaɗan, sannan gishirin dutse. Kin dai sani, na teku ba ya shiga bakin mai azumi.

Da can dunƙulen gishirin take saye ta daka da kanta. Da sanyin ƙashi ya kama mata hannu, Bhiku ya ce haba Gwaggo, yana raye ta riƙa daka? Shi zai riƙa ƙulla mata dakakke. Har albarka ta sa masa, ina tsaye.

Shekaru aka yi a haka. Ran nan ni da Godabai mun je sayen mai, muka tarar yana gardama da 'yan zaman shago, wai azumi aikin tsofaffin mata ne. Bai gan mu ba. Yana dariya ya ce, "Gwaggona ta shekara nawa tana lasar gishirin teku? Ni nake ƙulla mata. Motar Namdev ta taɓa ko fashewar taya?"

Suka kwashe da dariya. Godabai ta ajiye kwalbar mai ta juya. Ni na tsaya, na wanke shi tas, na ce masa ko karen tasha ya fi shi sanin wanda ya goya shi. Ya ce wai wasa ne, gishiri ai gishiri ne.

Mai kula da haikali ya gaya mata babu laifi a kan abin da mutum bai sani ba. Ta ce da Vitthal ta yi alkawari, ba da shi ba. Sai ta shiga ramuwar azumin. Tsohuwar da ƙafa ba ta ɗaukarta, yau azumi, jibi azumi, wani ko ruwa babu. Namdev ya ajiye mota ya zo ya kama ƙafafunta yana roƙo, ta ce ya tashi ya ba ta wuri, ransa take fansa. Ita ma na yi mata faɗa, don taurin kanta ya ishe ni. Bhiku fa? Ayaba ya aiko da ita. Ayaba. Na watsa wa awaki.

Ekadashinta na ƙarshe tana kwance, ni na haɗa mata kindirmon. Na kawo dunƙulen gishiri na daka a gabanta tana kallo, sai da ta sa na miƙa mata ta lasa kafin na zuba. Ta ci cokali biyu, ta tambaya ko Namdev ya sauka lafiya. Na ce ya sauka. Ta riƙo bakin zanena ta ce, "Shevanta, wannan azumi ɗaya dai ya shiga. Ki gaya wa yaron ya riƙa tuƙi a hankali, sauran ban gama biya ba."