Sallau Mai Baƙar Roba

Kafin masu koko su sauke tukunya, Sallau ya riga ya kafa teburinsa a gindin darbejiyar bakin tasha. Zai shimfiɗa tsohon buhun suga, ya jera tsinken ƙarfe, da auduga, da kwalbar alkol na wanke datti, da wani gwangwanin madara da ba ya son a leƙa. Sai ya ɗora tabarau a karan hanci, ya yi bismilla, ya jira majinyata: salula mai maɓalli da telekomand, wato rimot na talabijin, ko tele a bakinmu. Tun ina da haƙoran shan rake yake wannan aiki a Matameye. Yanzu ido ya gaji, ƙarshen watan nan zai naɗe buhunsa. Taubashina ne, na fi kowa sanin aibinsa, amma yau alherinsa zan faɗa, ko da bakina bai saba ba.

Kowa ya san wuta ba ta bin roba, shi ya sa masu gyaran lantarki ke sa takalminta. Ranar da Sallau ya ce mini akwai robar da wuta ke bi, na ce tsufa ya fara taɓa shi. Sai ya ɓare telekomand ya nuna mini. Bayan kowane maɓalli akwai ɗigo baƙi kamar ƙwayar dawa da aka latse.

"An cuɗa robar da baƙin gari irin na gawayi," in ji shi. "In kin danna, ɗigon ya sauka ya haɗa hanya biyu, wuta ta ƙetare da saƙo."

Na ce, "Ashe sana'armu ɗaya, ya ɗauko nan ya kai can."

Ya ce, "Shi dai sai an danna shi yake magana, Uwa."

Da wannan ɗigo ya sulhunta gidaje. Shi ya ceci gidan da tele ta maƙale a tashar kokowa har matan gidan suka haddace sunayen 'yan kokowa. Amma aikin da ya sa na ɗauki alƙalami na Basira ne.

Basira mai ƙuli-ƙuli maƙwabciyata ce, mijinta Sa'adu yana cin rani a Legas. Yarinyar kirki, sai dai in magana ta yi zafi ba ta jira ƙarshenta, jan maɓalli take dannawa, ƙit. Bayan wata irin wannan katsewa sai koren maɓalli, na amsa kira, ya yi tauri. Me mai ƙuli ta sani in abu ya yi tauri? Ta ɗiga masa man gyaɗa, kamar yadda take yi wa ƙofa da injin niƙa. Ya ƙara ƙi. Ta sa tsinke, ta sa haƙori. Sa'adu ya yi ta kira, waya na kuka a hannunta, tana kallon sunansa, ba halin amsawa. Sai ga saƙo ta bakin direba, wanda ya faɗa a tsakiyar tasha don kowa ya amfana: in ya kira bayan sallar Juma'a ba ta ɗauka ba, ta tattara ta koma gidansu a Tsauni. Kuma kada ta kira shi da wayar aro, wadda ya saya mata ita zai kira.

Ranar Juma'a da hantsi na raka ta wurin Sallau, don zumunci, kuma don kada a ba ni labari.

Ya buɗe wayar ya sunsuna. "'Yata, wannan soya ta za a yi ko gyarawa?"

"Baba, ka yi wa Allah, aurena ne a hannunka."

Ya wanke man da alkol, ya ɗaga robar ya duba a rana. Ɗigon kore ya tafi, haƙorin Basira ya gama da shi.

"Sai dashe," ya ce. "A ciro ɗigon wani maɓalli a manna a nan. Na ja ne kaɗai ya yi daidai."

"To da me zan kashe kira?"

"Wanda ya kira shi zai kashe. In caji ya ƙare ta mutu, kawo in kunna miki ta ciki."

Ni kuwa ina zaune kusa da gwangwanin nan, murfinsa a karkace. Cike yake da baƙaƙen ɗigo na matattun telekomand, kowane girma akwai. Na dubi Sallau, ya dube ni ta saman tabarau. Jama'a, na yi shiru. A rubuta a ajiye.

Ya sa reza ya yanko ɗigon ja, ya ɗiga gam da kan allura, hannu ko rawa. Ana saukowa daga masallaci waya ta yi ƙara. Basira ta danna, ta shiga! Sa'adu ya buɗe da faɗa. Na ga babban yatsanta ya tafi kan ja, ya danna, ya sake dannawa, Sa'adu na nan daram. Dole ta saurara. Faɗa ya ƙare, sai ga shi yana cewa kwanan nan ko abinci ba ya iya ci, ya zaci wani abu ya same ta. Ashe duk shekarun nan a bayan faɗan ake ajiye wannan, ita kuwa ba ta taɓa kaiwa can ba. Ta juya mana baya tana share ido da bakin mayafi. Ni ma na matsa, amma ba da nisa ba.

Sallau, kai ne likitan da ba ya cewa a sayi sabuwa. Kai ne ka san abin da za a gyara da abin da za a bari a lalace. Mai dashen ɗigo, taubashina, ko goro ba ka taɓa saya mini ba, amma na yafe.

Makon jiya ya aika aka kira Basira, tunda in ya tashi babu mai kunna mata waya. Ya buɗe gwangwanin a gabanta yana 'yan kame-kame.

Ta ce, "Baba, ai na gan shi tun ranar nan. Ido gare ni."

Ya ɗauko ɗigo daga ciki ya manna wa jan maɓalli. Ta karɓi wayar, ta rage murya. "Kada dai Sa'adu ya ji an gyara."

Sallau ya yi alkawari, kuma zai cika. Ni ce ba a roƙa ba. Sa'adu, in wannan ya iso Legas, ka kwantar da hankalinka, katangarmu ɗaya da ita, har yau ban ji ta danna ba.

Mun gode, Sallau. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya sa ka huta lafiya. Ku kuma samarin da ke gyara a kasuwa, ku je ku zauna kusa da shi kafin wata ya ƙare, ku koyi duba fuskar mai waya kafin ku buɗe cikinta. Matan ƙuli kuwa, don Allah a bar man gyaɗa a kasko.