Ƙwayar Barcin Hajiya

Jama'a, yau saura ƙiris a mai da nonona kemis!

Jaririyata Ilham ta ƙi barci tun safe. Surukata Hajiya ta zo daga Gwagwalada, ta zaro ƙwayar barcinta da likita ya rubuta mata. "Haɗiye, 'yar nan, ta nono za ta same ta."

Na kira nas. Ta ce, "Madam, kar ki kuskura! Ko naki maganin ne, sai likita ya san kina shayarwa."

Hajiya ta ce iyayi ne. Maigidana ya ce, "Hajiya ba ta kuskure," ya afa ƙwayar don in ga ba komai.

Ga shi nan a kujera yana munshari, ogansa ya gaji da kira. Ilham kuwa ido biyu, tana kallonsa!