Kusurwa ta Huɗu a Ɗakin Kaka

Jiya ɗiyata ta zo da littafinta tana ƙunƙuni kan lissafin shimfiɗa. Ina ganin x da y da z sai tsikar jikina ta tashi, ni da ko kura ta hango ni sai ta sauya hanya.

Ina ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, a Garwa aka koya mana shi. Malamin lissafi ya ce ɗigo uku sun isa a fitar da lissafin kowace shimfiɗa. Ka ja kibiya biyu daga ɗaya zuwa sauran, ka haɗa su da abin da yake kira "produit vectoriel", sai kibiya ta uku ta fito tsaye cak a kansu. Lambobinta za ka jera gaban x, y, z. Duk ɗigon da ke kan shimfiɗar, ka zuba shi ciki, sifiri zai ba ka.

Don zumuɗi na ari tiyon awo na kawuna magini, na shiga ɗakin Kaka da rana tsaka. Daɓen siminti ne sumul, sanyi kamar gindin randa, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ko da bazara. Na auna kusurwa uku, na fitar da lissafina. Na zuba ta huɗu, inda gadonta yake. Sifiri ya ƙi fitowa. Kusurwar ta nutse santimita biyu.

Bayan mako, ta kai santimita huɗu. Na kai wa malam don ya nemo kuskurena. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wa ke kwana a wurin?"

"Angona, bar wahalar da kanka," in ji Kaka da na gaya mata, tana ɓare gyaɗa. "Juyi yake yi in damina ta matso."

"Wa, amarya?"

"Ci gyaɗa."

Baba ya lallashe ta ta bar ɗakin, ta ce ba inda za ta. Da awo ya kai bakwai, muka jira ta tafi suna Ngong, muka kwashe kayanta zuwa ɗakin Inna. Zagin da ta yi mana, har yau kunnena na hagu bai warke ba.

Ranar ruwan farko, bayan la'asar, muka ji ɗakin ya yi ajiyar zuciya. Muka leƙa, babu kusurwar, sai baƙin bakin tsohuwar rijiya. Kawu ya jefa dutse, har aka kira magariba ba mu ji saukarsa ba. To, na ƙara gishiri, amma kaɗan.

Kaka ta dogara sanda ta zo bakin ramin, ta yi sallama a hankali, ta ɗan dakata kamar mai sauraron amsa, ta juya. Har ta rasu ba ta faɗi wanda ya rufe rijiyar ba, balle dalili.

An cike ramin, an sayar da gidan. Yanzu shagon waya ne, an shimfiɗa tayil mai ƙyalli, samari na zaune daidai wurin suna dariya. In zan sayi kati, daga bakin ƙofa nake miƙa hannu.