Doki Ɗari da Talatin da Biyar

A Cadawa, in ka wuce tasha ka nufi gabas, akwai wata rumfar kwano da ba ta da allo. Ta Gidaɗo ce, mai gyaran wutar mota. Shekarunsa talatin da ɗaya, siriri ne, ba ya ɗaga murya, kuma direbobi sun san ba ya son a tsaya masa a kai in yana aiki.

A wata rugga kusa da Sae Sabuwa aka haife shi. Su biyu ne maza a ɗakinsu, shi da wansa Jaye. Shekarar da aka zo rubuta yara lakol, wato makarantar boko, mai gari ya ce kowace rugga ta ba da ɗaya. Aka dubi Jaye, aka ga ya riga ya san shanu da halin kowace, sai aka ba da Gidaɗo. Ba da ƙiyayya aka yi ba. An dai ba da wanda rashinsa ba zai taɓa garke ba, kuma shi ma ya gane haka tun yana aji biyu.

Lakol bai kai shi buro ya yi aikin ofis ba. Ya tsaya a tsakiya, ya shiga garaji a Maraɗi, ya yi shekara shida yana bin wayoyi. Da ya tashi buɗe tasa rumfar, sai ya sayar da saniyar da aka ba shi ranar suna, da 'ya'yanta biyu. Ya sayi kayan aiki da wata 'yar na'ura kamar gidan ashana, wadda ake sokawa ƙarƙashin sitiyari ta riƙa aiko wa waya duk abin da inji ke yi. A rugga ba wanda ya ce masa uffan. Sai dai tun daga lokacin, in ya je sallah aka ɗauko zancen garke, ta gefensa ake yi, yadda ake yi in baƙo na zaune.

Abin da ya fitar da sunansa shi ne awon ƙarfin mota. Ba shi da injin awo irin na manyan birane, lissafi yake yi. Inji da iska yake ƙona mai, akwai kuma ma'auni a bakin maƙogwaronsa da ke ƙirga iskar da ta shiga. Gidaɗo yakan hau kwalta, ya sa giya ta uku, ya take totur har ƙasa, wayar na rubuta lambobi. In ya tsaya sai ya nemi lamba mafi girma. Kowane giram huɗu na iska a daƙiƙa ɗaya, ƙarfin doki biyar ke nan. Ƙiyasi ne, yana faɗa wa kowa haka, amma ba ya nisa da gaskiya.

Wata Litinin da hantsi Jaye ya iso rumfar a bayan kabu-kabu, da sandarsa da malfarsa. Bai taɓa zuwa ba sai ranar. Suka gaisa doguwar gaisuwa, kowa na kallon wani wuri.

“Akwai mota wurin Amadu mai wake,” in ji Jaye. “Ya ce shanu tara zai karɓa, musaya, ba sai an je kasuwa ba. Ina son in riƙa ɗaukar mutane ranakun kasuwa, Agye, Gazawa, da nan. Baffa ya ce ba zai buɗe baki ba sai ka auna ta.”

Baffa Usmanu ƙanen mahaifinsu ne, tun rasuwar mahaifin kuwa ba saniyar da ke fita garken sai da yawunsa. Shanu tara su ne duk rabon Jaye, in ka cire wata tsohuwa guda.

“Duka taran, Hamma?” in ji Gidaɗo, yadda Fulani ke kiran wa.

“Duka.”

Gidaɗo ya sunkuya yana naɗe wata waya. Ya san abin da ya kamata ƙane ya ji in wansa zai rabu da garke, ya kuma lalubi wannan a ransa bai samu ba. Abin da ya samu ya fi kama da sauƙi. In Jaye ya sayar, sun zama su biyu da suka rabu da shanunsu.

Amadu ya kawo motar da kansa. Doguwa ce, ruwan toka, ta hannu, ta Lome aka shigo da ita shekarun baya, kuma tana da turbo, wato fankar da ke cusa wa inji iska da ƙarfi. Amadu jikan Katsinawa ne, ɗan kasuwar wake, mai baki.

“Fulani, yau an zo sayen saniya mai shan mai!” ya ce yana dukan rufin motar. “Ɗan Fulani, soka abinka. Wagga ko rairayin Gidan Sori ka sa ta, tashi za ta yi. Takardarta ta ce doki ɗari da saba'in.”

“Takarda ta faɗi ranar da ta fito kamfani, Alhaji.”

“To mi? Ni ma takardata ta ce ina da shekara arba'in.”

Suka hau hanyar Agye su biyu, Gidaɗo a sitiyari, Jaye a gefe ya riƙe sandarsa tsakanin gwiwoyi. Sai da suka wuce amalanken jakai uku kafin hanya ta buɗe. Gidaɗo ya take. Motar ta yi gurnani, ta ja, amma ba irin jan da ke manna mutum da kujera ba, kuma can ƙasa akwai wani siririn huci. Sau biyu ya yi, ya sauka gefe ƙarƙashin wani gawo, ya buɗe wayar.

Giram ɗari da arba'in da takwas. Ya lissafa a ka: doki ɗari da tamanin da biyar.

“Nawa?” in ji Jaye.

Ya faɗa masa. Jaye ya yi wani murmushi da Gidaɗo ya manta yana da shi.

Lambar ba ƙarya ba ce, abin da wayar ta rubuta ke nan. Amma motar da ta shekara goma sha biyar tana shan man kwalba na bakin hanya, a zafin watan huɗu, ba za ta fi ranar da aka ƙera ta ƙarfi ba. Kuma a layi na gaba akwai wata lamba, ta matsin iskar da ta isa cikin injin, wadda da kaɗan ta wuce rabin abin da ake nema. Gidaɗo ya gan ta tun kallon farko. An ƙirga iska a ƙofa, amma ba duka ta isa ɗaki ba. Ya bar babban yatsansa a kan layin, ya rufe shi, ya daɗe a haka. Wata babbar mota ta wuce da buhunan gero. In ya bar lambar a haka ba wanda zai kama shi, domin daga Cadawa har Gazawa ba mai iya karanta wannan shafi sai shi.

Ba tausayi ne ya sa ya fita ya ɗaga murfin injin ba. Tunanin ranar da wani makanike a Maraɗi zai gano abin ne, ya tambaya wa ya auna ta.

Bai sha wahalar nema ba. Babban tiyon da ke kai iska daga turbo zuwa inji ya tsage ta ƙasa, an naɗe shi da robar tayar babur, irin ɗaurin da ake yi wa bakin jarka. Da totur kaɗan robar na riƙewa, in an take sai ta buɗe. Ya kwance tiyon, ya zura yatsa, ya fito da shi baƙi ƙirin da man inji. Ya kama fankar turbon ya girgiza. Tana rawa.

Suka koma rumfa. Amadu ya rantse tun da ya sayi motar bai taɓa leƙa wurin ba, wataƙila ma gaskiya ya faɗa. Gidaɗo ya sa wani tiyo lafiyayye daga tarkacensa, suka sake hawa kwalta, suka tsaya a gindin gawon nan. Giram ɗari da takwas. Doki ɗari da talatin da biyar.

“Ka gyara ta, ta ragu?” in ji Jaye.

“Ba raguwa ta yi ba, Hamma. Ɗazu awon ne ya ƙirga har da iskar da ke zubewa. Wannan shi ne nata, kuma shi ma ba mai daɗewa ba ne. Turbon na zubar da mai. Ban ga zai kai ƙarshen damina ba. Cikinta kuma a ƙasa yake, rairayi zai riƙe ta.”

Jaye ya daɗe yana kallon gonakin da aka share ana jiran ruwa.

“Bara burtalin da muke bi ya zama gonar wake,” ya ce. “Na biya ɓarna sau biyu. Ɓarayi sun kore garken maƙwabcinmu Iro gaba ɗaya da rana tsaka, yanzu gadi yake a Maraɗi. Kai kana ɗaki mai wutar kuran, kana shan ruwan sanyi, kana ce mini cikinta a ƙasa yake.”

“Ai tambayata aka yi.”

“Baffa lamba ya ce ka kawo. Ka ba shi ta farko.”

“Ba zan faɗi ta farko ba.”

“To faɗi ta biyun. Amma ka tsaya a abin da aka tambaye ka.”

Ranar Juma'a bayan la'asar suka zauna gaban Baffa Usmanu a kan tabarma, a rugga. Shanu sun fara dawowa, matan gida na fito da ƙoren tatsa. Gidaɗo ya zauna nesa kaɗan, idonsa a ƙasa, kamar yadda ake zama gaban babba.

“Ka auna?” in ji Baffa.

“Na auna, Baffa.”

“Nawa ka samu?”

“Ɗari da talatin da biyar. Tana sabuwa ɗari da saba'in ce.”

Baffa ya gyaɗa kai. Shi ba mutum ba ne da lamba ke ruɗawa, ya san abin awo sai an gwada shi da wani abu.

“Babur ɗin Faruku, wanda ke kai mana gero niƙa, shi nawa ne a irin wannan awon naka?”

“Bai cika goma ba.”

“Kuma buhu biyu yake ɗauka, da Faruku a kai, cikin rairayi.”

“Haka ne, Baffa.”

“Awon naka na gaskiya ne? Ba don ɗan'uwanka ka ƙara ba?”

“Ragewa ma na yi. Na farko ya fi haka, na ga akwai kuskure, na sake.”

Tsohon ya dube shi, kallon da ya fi na kullum tsawo, ya ce, “Madalla.” Gidaɗo ya ji kalmar har cikin ƙashinsa. Rabon da a yaba masa a kan wannan tabarma ya manta.

Sai aka yi shiru. A cikin shirun akwai wurin magana ɗaya, kuma Gidaɗo ya san ta: fankar na rawa, ba za ta kai kaka ba. Ya jira Baffa ya ce, kai da kai ne za ka saya? Amma babba ba ya neman shawarar ɗan da ya goya, ƙarami kuma ba ya ba da wadda ba a nema ba, balle a kan wansa, a gaban mutane. Haka aka rene su, kuma ba wanda zai zarge shi don ya bi. Ya lura dai cewa bai taɓa jin wannan tarbiyya ta yi masa sauƙin bi kamar yau ba. Jaye na tsinke wata ciyawa gunduwa-gunduwa, bai ɗago ba.

“To,” in ji Baffa. “Rabonka ne, Jaye. Allah ya sa albarka.”

Ranar Lahadi aka kora shanu tara zuwa Cadawa, Jaye da kansa ya kai su, a ƙasa. Ta gaban rumfar suka wuce. Gidaɗo na ƙarƙashin sitiyarin wata motar haya, ya ji kofatai a kan kwalta, bai fito ba sai da suka yi nisa. Da ya fito ya goge hannunsa, ya kira wani mai sayar da kayan mota a Maraɗi, ya karanta masa lambar turbon, ya ce in an samu na hannu mai ɗan sauran rai a ajiye masa. Mutumin ya tambaya ko da gaggawa ne. Gidaɗo ya ce a'a, zuwa watan takwas.