Ƙulli Na Ukun Inna

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Rabi, a Kurfi. Ba ta bar gona ba, ba ta bar shanu ba. Abin da ta bar mini shi ne irin kuɓewarta, 'yar gajera mai yauƙi, wadda ta gada wurin kakarmu a Ɗantutture. Na taho da shi Dutsin-Ma, ina shukawa a ɗan lambun bayan gidana duk damina. Bana ina tsoron a hannuna zai ƙare.

Inna tana da tsarinta. In kuɓewa ta bushe a kara, sai ta ɓare, ta cuɗa irin da toka saboda ƙwari, ta raba shi ƙulli uku a tsumma, ta rataye a madafa inda hayaƙi ke bugu. Na farko na ruwan fari ne, in ya tafi ba a kuka. Na biyu sai damina ta zauna, shi ne na miya. Na uku kuwa ba a taɓa shi sai sabon iri ya shigo ɗaki. Ranar da na tambaye ta dalili, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ɗiyata, mi kike ci na baka na zuba? Hadari ba ɗan gidanku ba ne."

Wallahi na bi tsarin nan sau da ƙafa. Ruwan farko ya sauka, na shuka ƙulli na ɗaya. Ya fito gwanin sha'awa, sai sama ta ɗauke, rana ta ƙona shi ƙurmus tare da yakuwa da alayyafo. Ban damu ba. Da ruwa ya dawo, manoman Karofi ma suka ce damina ta kankama, na kwance na biyu. Har ya yi ganye huɗu aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, da iska, da ƙanƙara. Katangar maƙwabta ta faɗo, ruwa ya bi ta lambun ya share kunyoyin. Da safe laka kawai na tarar, na zauna a cikinta na yi kuka.

Maigidana ya ce in je kasuwar Kurfi in sayo na leda, ai kuɓewa kuɓewa ce. Shi da bai san hannun wa ya ɓare wannan ba! Na zagaya dangi, kowa ya ce nasa ya ƙare tuni.

Ina yawan tambayar kaina me Inna za ta ce da daminar yanzu, wadda ke ƙona ka yau ta nutsar da kai gobe. Ta yi tanadin faɗuwa ɗaya, don a zamaninta sama ba ta cika ƙarya sau biyu a shekara ɗaya ba. Ni ga ni gaba kura baya siyaki. In na ajiye na ukun har baɗi, wataƙila zafi ya kashe shi, ba sabo a bayansa. In na shuka, damina ta yi nisa.

Shekaranjiya na kwance shi. Na tona, na zuba, na rufe. Tun daga nan ba ɗigon ruwa, sai ni da moɗa ina bin rami-rami. Ba ni da hoton Inna, muryarta ma ta fara ɓace mini. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. In irin nan bai tsiro ba, jama'a ku zo ku yi mini gaisuwa, don na sake rasa uwa.