Yadda Na Tara wa Inna Dangi Ba da Niyya Ba

Shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da Inna, likita ya ce sai an kai ta Kano, kuma za ta daɗe a asibiti. Tana da gona a Fammar, gadon mahaifinta, da 'yan shanu a hannun wata aminiyarta Bafulatana. Ta ce ni babban ɗanta in zama wakilinta a kansu. Magatakardan kotun shari'a a Rano ya ce kafin a rubuta takardar wakilci, in kawo sunayen dangi da aminai da inda za a same su, saboda ko wani zai yi gardama nan gaba, kuma a samu masu tsayawa shaida.

Da na gaya wa Inna, sai ta juya fuskarta bango. Ta ce, "Wa zai tsaya min? Na daɗe ban je biki ba, ban je gaisuwa ba. Sun manta da ni, kuma ban ga laifinsu ba." Wallahi wannan magana ta fi ciwon ƙafar tsaya min a rai.

Lokacin wayar salula ba ta daɗe da shigowa ƙauyukanmu ba. Na hau babur na fara da Tarai, wajen Kawu, ƙanen Inna, mai sayar da goro. Lambar mai shayin bakin kasuwa ya ba ni, ya ce in na kira in ce a nemo mai goro. A Rurum, yayar Inna ba ta da lamba, adireshinta shi ne gidan da ke bayan rijiya. A ruga kuwa aminiyar ta ƙura min ido ta ce, "Ɗana, lafiya dai?" Na ce lafiya, kotu ce ke nema, na tayar da babur. Ni da gaggawar 'yan boko, ko ruwa ban tsaya na sha ba a ko'ina. Na sha'afa cewa a wajenmu babban ɗa ba ya zaga dangi gida-gida fuska a ɗaure sai in abu ya yi tsanani.

Washegari da hantsi muka ji salati a zaure. Kawu ne, idanu jajur. Bayansa yayar Inna, ta riga ta fara kuka tun daga waje. Aminiyar ta taho da ƙafa, da ƙwaryar nono a ka. Har waɗanda ban je wajensu ba sun samu labari sun zo. Suka tarar da Inna zaune a tabarma tana shan koko.

Kawu ya juyo kaina. "Kai, Allah ya shirye ka! Mu mun zaci sai dai mu tarar ana haƙa kabari, ashe takarda kake nema!"

Gida ya kaure da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Na yi bayanin wakilcin, sai aka shiga musu a kan wanda zai je kotu shaida, kowa yana cewa shi ya fi kusa. Har yau ina gode wa Allah da wautata ta ranar.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ludayi, tana bin su da kallo ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba. Sai ta ce da ni a hankali, "Je ka ɗora musu ruwa. Ashe da sauran mutanena."