Ranar da Gwiwar Baƙo Ta Taɓa Ƙasa

Duk wanda ya taɓa sayen masara a kasuwar Funtuwa ya san Baƙo ɗan dako, in bai san sunansa ba to ya san wuyansa, wanda ya kusa kai faɗin turmi. Mutumin Gozaki ne, ɗan gidan Maguzawa, kuma kafin ya fara ɗaukar buhu mutane yake ɗauka. Tun yana saurayi, da an gama girbi an buɗe fagen kokawa, daga Malumfashi har Bakori ba a samu wanda ya kayar da shi ba. A kokawa kuwa ba sai an shimfiɗa mutum ba, ko gwiwa ko hannu ya dafa ƙasa magana ta ƙare. Shi ya sa makaɗa suka laƙaba masa Ƙi-ƙasa.

Baƙo ya riƙe sunan nan fiye da yadda ya riƙe haƙoransa. Ko goro ya faɗi masa, da yatsun ƙafa yake ɗaukowa. A gona ma sai ya waiga ya tabbatar babu mai kallo kafin ya sa hannu ya cire ciyawa. Inna, tsohuwar da ta haife shi, ba ta da wata hira a gidan biki sai wannan, har mata sun gaji da ji.

Sai kokawa ta ja baya. Samari suka koma kallon waya, hanyoyin ƙauye suka daina daɗin bi, makaɗan ma wasu suka koma acaɓa. Baƙo ya wayi gari da suna amma babu fagen nuna shi, abin kuma ya ci masa rai ƙwarai, ko da yake bai gaya wa kowa ba.

Ana haka Adebayo ya tare shi. Adebayo mai sayar da tayoyin babur ne, haifaffen Funtuwa, wanda in ya zagi mutum da Hausa sai an nemi Bakatsine ya yi bayani. Ya koyo wasan zari-ruga a makaranta, ya dawo da wata ƙwallo mai siffar gwanda, ya tara 'yan dako da makanikai da wani mahauci, ya ce sun zama ƙungiya. Sunanta Shanun Huɗa. Filin wasan kuwa aro ne, wata gonar Alhaji Zubair da ya bari ta huta a bayan gari.

Adebayo ya bayyana masa wasan a taƙaice: ka rungumi gwandar ka ruga, wanda ya tare ka ka bi ta kansa, in za ka miƙa wa ɗan'uwanka sai dai baya. Baƙo ya ce wannan ai kokawa ce aka saka mata gudu, ya shiga. Abu ɗaya aka manta ba a gaya masa da wuri ba. Ba a cin maki sai an kai ƙwallon bayan layi an danna ta a ƙasa da hannu.

Wasan farko, Baƙo ya ratsa mutane kamar sa a gonar gero, ya ƙetare layi, ya tsaya ƙiƙam, ya saki ƙwallon daga sama ta faɗi. Alƙalin wasa ya ce ba a ci ba. Adebayo ya yi lallashi, ya yi zagi, ya haɗa shi da kabarin kakanninsa, Baƙo ya ce in dai sai ya dafa ƙasa, to a bar makin. Daga nan aka ƙirƙiro dabara: mahaucin ya riƙa binsa a baya, in an isa layi Baƙo ya miƙa masa, shi ya faɗi. Matsalar ita ce mahaucin yana da tumbi, kuma sau da yawa kafin ya iso an riga an gama da zancen. Haka Shanun Huɗa suka yi ta shan kashi, su ne da ƙarfi, wasu ne da maki.

Da damina ta matso, Alhaji Zubair ya ce ya gaji da ana tattake masa gona a banza. In ba su ci wasan da za su yi da ɗaliban da ke zuwa daga Zariya ba, waken suya zai shuka a wurin. Baƙo ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Wannan gonar ce kaɗai ta rage inda ake kiran Ƙi-ƙasa mutane su juyo.

Ran wasan, ɗaliban suna gaba da kaɗan har lokaci ya kusa cika. Ƙwallo ta zo hannun Baƙo. Ya ruga, yara uku suka maƙale masa, ya ja su kamar kayan shanya har bayan layi. Ya waiga neman mahauci, ya hango shi can tsakiyar fili, dafe da ƙugu yana haki. Babu ɗan ƙungiyarsu ko ɗaya a bayansa. Adebayo, wanda bai taɓa yin magana a hankali ba, ya matso bakin fili ya ce a hankali, "Sarkin ƙarfi, ni ba zan ce maka komai ba."

Baƙo ya dubi ƙasar nan da ya yi shekaru yana gaba da ita. Sannan ya durƙusa, gwiwa biyu, ya danna gwandar da hannu bibbiyu. Aka ɗauki ihu, aka ci wasa, waken suya ya nemi wata gonar. Shi dai ya tashi yana kakkaɓe gwiwa, idonsa ya yi ja, aka ɗauka murna ce.

Labari ya riga shi isa Gozaki, amma rabi ya isa. Ɗan acaɓan da ya kai labarin bai san zancen maki ba, abin da ya ce kawai shi ne an ga Baƙo a ƙasa a Funtuwa. Da Baƙo ya sauka washegari, ya tarar da mata cike da tsakar gida sun zo yi wa Inna jaje, wasunsu da ƙyar suke ɓoye murmushi. Inna na zaune a ƙofar ɗaki, ba ta ci komai ba tun da ta ji.

Ta dubi gwiwarsa da ta ɗaye, ta daɗe tana kallo.

"Ɗan gidan wa ya kayar da kai?"

"Ba kowa, Inna. Ni na kai kaina."

Ta sake ɗaura ɗankwali, sannan ta juya wajen matan.

"Kun ji ko? Ku tashi ku ba ni wuri. Dama na ce babu mai iya kayar da shi sai ɗan da na haifa."